Ƙunshin Nassi: Tarihin Yadda Ake Ɗaure Manhaja Kafin a Gina Ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar hanya a Birnin Ƙonni, inda kwaltar da ta taso daga Yamai ta Doso da Dogon Dutsi take gamuwa da wadda ta fito daga Sakkwato ta Illelar Najeriya, kafin ta miƙe gabas ta Malbaza da Galmi da Madawa har Maraɗi, ya san lodi iri biyu ne ke ratsa garin. Akwai wanda ido ke gani, buhunan albasar Galmi da aka jibge har suka ɗara kan mota, da sumuntin Malbaza, da gero da wake. Akwai kuma dogayen akwatunan ƙarfe da ake kira kwantena, waɗanda suka taso daga tashar jiragen ruwa a kulle, da hatimi a bakin ƙofa, ba direba ba ɗan kamasho ba ma'aikacin duwan da ya san abin da ke cikinsu sai abin da takarda ta faɗa. Daga wannan akwati ne masu ilmin kwamfuta suka aro suna da tunani a lokacin da suka so su warware wata tsohuwar mas'ala tasu, wato yadda za a ɗauki manhajar da aka rubuta a kan kwamfuta ɗaya a kai ta wata kwamfutar, ta yi aiki can kamar yadda ta yi nan, ba ragi ba ƙari.

Asalin akwatin kuwa ba mai nisa ba ne. Wani Ba'amurke mai motocin haya, Malcom McLean, ya gaji da ganin motocinsa suna yini a bakin tasha ana sauke kaya ɗaya bayan ɗaya ana sake jera su cikin jirgi, sai ya ce a ɗauki gangar jikin motar gaba ɗaya a aza a jirgi. Ranar 26 ga Afrilu 1956 jirgin Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da akwatuna 58, kuɗin lodin tan guda kuma ya faɗo daga kusan dala 6 zuwa kimanin santi 16. Amma alfanun bai cika ba sai a ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da aka yi ittifaƙi a duniya a kan tsawon akwatin da faɗinsa da siffar kusurwoyin da ƙugiya ke kamawa, har ya zama jirgi da tirela da jirgin ƙasa duk suna iya ɗaukarsa ba tare da sun tambayi abin da ke ciki ba. Wannan ittifaƙi shi ne abin da marubutan manhaja suka yi shekara da shekaru suna begen irinsa.

Ya kamata a fahimci dalilin begen. Abin da marubucin manhaja ke rubutawa da hannunsa nassi ne kurum, layuka na umarni cikin wani harshe da mutum ke iya karantawa, kuma wannan nassi ba ya aiki shi kaɗai, domin yana bukatar a fassara shi zuwa harshen na'ura, yana kuma jingina da nassoshin wasu mutane, wani lokaci ɗaruruwa, kowanne da bugunsa da shekararsa. Idan kwamfutar marubuci tana da bugu na uku na wani nassi, alhali uwar garken da za a ɗora manhajar a kanta tana da bugu na biyu, sai aiki ya tsaya, a shiga jayayya tsakanin mai rubutu da mai kula da na'ura, wannan yana cewa ai a wurinsa tana aiki, wancan yana cewa to a nan ba ta yi. Ba a taɓa yin wata ma'aikatar manhaja da ba a ji wannan musu a cikinta ba.

Matakan farko na magani sun fito ne daga ɗakunan bincike na Bell a Amurka, inda aka haifi Unix. A 1976 Stuart Feldman ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna make, wadda ta sa a rubuta ƙa'idojin gini a cikin fayil, a ce wannan yana bukatar wancan, idan wancan ya sauya a sake gina wannan, maimakon a bar su a cikin kan mutum ɗaya. A 1979 kuma, a cikin bugu na bakwai na Unix, aka fito da tar, wanda a ganina ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba a cika samun abin da aka ƙirƙira saboda bukatar zamaninsa ya yi irin wannan tsawon rai ba. An yi shi ne don a kwashe fayiloli a zuba a kan zaren tef, tef kuwa ba ya tsallake, daga farko yake farawa ya bi har ƙarshe. Saboda haka tar yana jera fayilolin ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gabatarwa mai girman bayit 512 da ke faɗin sunansa da girmansa da mai shi da wanda aka yarda ya karanta shi da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, sa'an nan abin da ke cikinsa ya biyo, har a rufe da fanko biyu. Ba shi da fihirisa, ba ya matse komai, sai da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fito da gzip a 1992 kana aka saba haɗa su biyun. Tef ya ɓace daga teburan mutane tun tuni, amma har yau, duk sa'ad da wani injiniya a San Faransisko ko Kano ko Tawa ya ba da umarnin a gina masa kwantena, abin da aka gina ɗin da wannan tsohon jeri ake ɗaure shi, sau da yawa kuma shi ne ke ɗauke da nassinsa.

A cikin wannan bugu na 1979 ɗin dai aka sa wani umarni mai suna chroot, wanda ke killace manhaja a cikin jaka guda har ta ɗauka nan ne iyakar duniya. Daga nan abin ya yi ta tafiya sannu a hankali: tsarin FreeBSD ya ƙarfafa killacewar a shekarar 2000, na Solaris ya yi nasa a tsakiyar shekarun 2000, injiniyoyin Google kuma, Paul Menage da Rohit Seth, suka fara a 2006 aikin raba ƙarfin na'ura tsakanin manhajoji, wanda ya shiga zuciyar Linux a farkon 2008. Kafin shekarar ta ƙare ana iya yin kwantena a kan Linux. Sai dai wanda ya iya ɗin sai ƙwararre, kuma babu wata hanya ɗaya da aka yarda da ita ta cika kwantenar da kaya, balle a miƙa ta ga wani.

Ta wani ɓangaren kuma nassin kansa ya sami gida. Linus Torvalds ya rubuta Git a Afrilun 2005, wanda ke ajiye kowane gyara da aka yi wa nassi tare da sunan wanda ya yi shi da lokacinsa, ya kuma buga wa kowane mataki hatimi na lissafi da ke ɗauke da hatimin matakin da ya gabace shi. Kamfanin Heroku, wanda aka kafa a 2007, shi ya fara nuna wa jama'a daɗin da ke cikin haɗa wannan da gini: marubuci ya tura nassinsa ta Git, can a wurinsu na'ura ta duba ta gane harshen da aka rubuta shi, ta tattaro abubuwan da yake jingina da su, ta ɗaure duka a ƙunshi guda, ta ɗora. A 2011 suka fito da wannan hanya da sunan buildpack, suka kuma buɗe ta ga kowa daga baya. Sauƙi ne babba, illa dai ƙunshin a gidansu kaɗai yake aiki.

A nan ne Solomon Hykes ya shigo, wanda ya tashi a Faransa, ya kafa kamfanin dotCloud tare da abokansa, suka koma Amurka a 2010 suna kishiyantar Heroku ba tare da sun yi galaba ba. A Maris 2013, a taron masu harshen Python a Santa Clara, aka ba shi minti biyar, ya nuna kayan aikin da suke amfani da shi a cikin gida, mai suna Docker, wato ma'aikacin tasha mai lodin jirgi, suka kuma saki nassinsa kyauta. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya bar tsohon sunansa ya ɗauki na kayan aikin. Killacewar ba sabuwa ba ce, kamar yadda ya gabata. Abin da Docker ya kawo shi ne rabewa tsakanin abu uku: takardar umarnin gini da ake kira Dockerfile, wadda ake ajiyewa tare da nassi, sura, wato daskararren ƙunshin da ginin ya haifar, wanda ba ya sauyawa, da kwantena, wato surar sa'ad da aka tashe ta tana aiki. Ya kuma kafa rumbu inda ake tura surori ana jawo su.

To, yanzu mun iso ga zuciyar magana, wato abin da ke faruwa tsakanin nassi da sura, wanda mutane da yawa ke yi kullum ba tare da sun lura da shi ba. Docker kashi biyu ne, ɗan aike da magini. Ɗan aike shi ne wanda mutum ke ba umarni a kan allonsa; magini kuwa yana aiki a ɓoye, kuma ba lalle ne yana kan kwamfuta ɗaya da ɗan aike ba, yana iya kasancewa a wata ƙasa. Tun da magini ba ya iya miƙa hannu ya ɗauki fayil daga jakar marubuci, sai aka tsara cewa a farkon kowane gini ɗan aike zai tattara duk abin da ke cikin jakar da aka nuna masa, da jakunkunan da ke cikinta har ƙasa, ya ɗaure su da tar, ya aika wa magini gaba ɗaya, tun kafin a karanta layin farko na umarni. Wannan shi ne ƙunshin gini. A ƙarshen umarnin akwai wani ɗan ɗigo da ake bugawa, ma'anarsa jakar da nake ciki yanzu, kuma wannan ɗigo shi ke yanke hukuncin abin da zai tafi. Abin da ke cikin ƙunshi magini na iya kwafe shi zuwa cikin sura. Abin da ke wajensa kuwa, ko da taki ɗaya ne sama da jakar, haramun ne gare shi, kuma da gangan aka yi haka, don kada takardar umarnin da mutum ya samo daga wani wuri ta shiga ta kwashi abin da ba a ba ta ba.

Hikimar a fili take, amma illarta ma ba ta daɗe ba ta bayyana. Jakar aikin marubuci ba nassi kaɗai ke cikinta ba. Akwai ɓoyayyar jakar Git mai ɗauke da tarihin aikin tun ranar farko, akwai tulin nassoshin wasu da aka sauko da su, waɗanda a harshen JavaScript sukan kai ɗaruruwan megabayit, akwai ragowar gine-ginen baya, akwai kuma, abin da ya fi muni, ƙaramin fayil ɗin da mutum ke ajiye kalmomin sirri da mabuɗan shiga rumbun bayanai. A lokacin ɗan aike ba ya tantancewa, duka yake kwasa. Mutane suka riƙa zama suna kallon lamba tana hawa a allo, megabayit ɗari, ɗari biyar, gigabayit, alhali nassin da suke son a gina bai kai megabayit guda ba. Wanda kuma ya yi kuskuren ba da umarnin daga tushen faifansa sai ya tarar ana ƙoƙarin aika kwamfutarsa dukanta. A tsakiyar 2014 aka ƙara wani fayil mai suna .dockerignore, inda ake lissafa abin da ba a so ya shiga ƙunshi. Ƙaramin abu ne, layi biyar ko goma, amma ni ina ganin babu fayil a cikin aikin da ya fi shi nuna ko marubuci mai kula ne ko mai sakaci, domin a nan ne kaɗai ake tambayarsa ya bambance abin da yake na jama'a da abin da yake nasa.

Sura kuma ba dunƙule ɗaya ba ce, shimfiɗa ce bisa shimfiɗa. Layin farko na takardar umarni yana ambaton surar da za a yi harsashi da ita, misali Debian, ko Alpine wadda ba ta wuce ƴan megabayit ba. Daga nan kowane umarni da ya kwafo fayil ko ya girka wani abu sai ya haifar da sabuwar shimfiɗa, wadda ita ma ƙunshin tar ce mai ɗauke da abin da ya sauya kawai. Magini yana tuna shimfiɗun da ya riga ya yi, idan umarni bai sauya ba kuma fayilolin da ya shafa ba su sauya ba, sai ya ɗauko tsohuwar. Amma da zarar ɗaya ta sauya, duk waɗanda ke bisanta sai an sake su. Daga wannan ne aka sami ƙa'idar da ƙwararru ke koya wa almajiransu, cewa a fara kwafo takardar da ke lissafa abubuwan jingina, a girka su, sa'an nan daga baya a kwafo nassin da ake gyarawa kullum, don kada gyaran waƙafi guda ya sa a sake sauko da rabin intanet.

Akwai kuma wata siffa ta shimfiɗun nan da ta jawo hasara mai yawa, ita ce ba sa mantuwa. Idan aka kwafo mabuɗin sirri a shimfiɗa ta uku, aka goge shi a ta huɗu, wanda ya tashi kwantenar ba zai gan shi ba, domin ta huɗun tana ɗauke da alamar da ke rufe shi. Amma ta ukun tana nan yadda take, duk wanda ya jawo surar ya kwance ta zai tsince shi. A Afrilun 2021 kamfanin Codecov ya sanar cewa wani ya sami mabuɗinsu ta hanyar kuskure a yadda suke gina surarsu, ya gyara wata ƴar manhaja da dubban abokan cinikinsu ke amfani da ita, ya yi wata biyu yana kwasar sirrinsu kafin a farga. A 2023 masu bincike na jami'ar Aachen a Jamus suka duba surori fiye da 337,000, suka tarar kimanin 8.5 cikin ɗari suna ɗauke da sirrin da bai kamata ya fita ba, ciki har da mabuɗai na kai fiye da 52,000. Waɗannan ba ɓarayi ne suka fasa ƙofa ba, masu kayan ne suka ɗaure da hannunsu suka aika.

Gyara ya zo kashi biyu. A 2017 aka yarda takardar umarni guda ta ƙunshi gini hawa-hawa: a hawan farko a shigo da nassi da mafassari da duk kayan aiki masu nauyi a yi ginin, a hawan ƙarshe kuma a fara da sura mai tsabta, a ɗauko abin da aka gina kaɗai, a bar nassin da tarkacen a baya. Sa'an nan aka sake rubuta maginin kansa da sunan BuildKit, wanda ya shigo a matsayin zaɓi a 2018, ya zama na dindindin a 2023. Shi ba ya karɓar ƙunshi gaba ɗaya, yana fara karanta umarni ya ga fayilolin da ake bukata, ya nemi su kaɗai, a gini na gaba kuma ya nemi waɗanda suka sauya. Yana kuma iya aron mabuɗin sirri na ɗan lokacin da umarni ke aiki ba tare da ya bar sawunsa a cikin wata shimfiɗa ba.

Wannan babi na nauyin ƙunshi ba ɗaya yake ga kowa ba, kuma a nan nake son mai karatu na ƙasarmu ya saurara. Waɗanda suka tsara kayan aikin nan suna zaune ne inda intanet ke gudu kamar ba a biya, wuta kuma ba ta ɗaukewa, don haka gigabayit guda da aka aika a banza a wurinsu jinkirin shan shayi ne. Saurayin da ya koyi rubuta manhaja a Tawa ko Sakkwato ya dawo Ƙonni yana yi wa ƴan kasuwar albasa ko wani kantin magani ƴar manhajar lissafi, da kuɗin katinsa yake aika kowane megabayit, ta wayar hannu, kuma aikawa ta fi saukowa wuya. Ya ga watannin da suka biyo Agustan 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke amfani da shi, ba a maido ba sai Maris 2024. A cikin wannan watan kuma, ranar 14, igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse daura da gaɓar Kodebuwa, yammacin Afirka ya shiga wahala. Ga irin wannan mutum, mas'alar a ina ake gini ba ta ado ba ce. In ya gina sura a kwamfutarsa, sai ya sauko da harsashi da abubuwan jingina, sa'an nan ya tura ɗaruruwan megabayit zuwa rumbu, yana addu'a kada layi ya yanke a tsaka. In kuwa ya bi hanyar da Google da Microsoft da makamantansu suka tanada, inda ɗan aike ke ɗaure nassi kaɗai da tar da gzip ya ɗora a ma'ajiyarsu, maginin da ke can ya kwance ya gina, ko kuma ya tura gyaransa ta Git wata na'ura ta ɗauka daga nan, to abin da ya fita daga wayarsa ba zai wuce nauyin hoto ɗaya ko biyu ba, muddin ya rubuta jerin abubuwan da ba a so yadda ya kamata. Hanya ta biyu ita ce maslaharsa, ba shakka. Sai dai tana da farashi, domin ya miƙa ginin ga na'urar da bai taɓa gani ba, a ƙasar da bai taɓa zuwa ba, kuma tilas ya tambayi kansa da wace hujja zai san abin da aka gina ɗin daga nassinsa ya fito.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin Maratta, mahaifarsa a 1754, tana nan kusa da Galmi. Malaman wancan zamani ba sa karɓar littafi don kawai an rubuta sunan mawallafi a bangonsa. Sukan tambayi wa ya kwafa, daga wane kwafi, a gaban wa aka karanta aka yi muƙabala, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don ya lissafa shaihunan da ya ɗauki ilmi daga gare su. Matani daban, isnadi daban, kuma ingancin na farko yana rataye da na biyu. Masu kwantena sun shafe shekarunsu na farko suna kula da matani kaɗai, sai wahala ta koya musu neman isnadi.

Sun fara da hatimi. A Yunin 2015 Docker da manyan kamfanoni suka kafa wata hukuma mai suna OCI don a daidaita siffar sura, ƙa'idojinta na farko suka fito a Yulin 2017, kuma tun daga 2016 kowace shimfiɗa ana kiranta ne da hatimin lissafi na SHA-256 da aka ciro daga abin da ke cikinta, wanda in an sauya bayit guda sai ya sauya gaba ɗaya. Laƙabin da mutum ke ba sura ana iya ɗauke shi a manna wa wata, hatimi kuwa ba ya ƙarya. Amma hatimi yana shaida ne cewa abin da ka karɓa shi ne abin da aka aiko, ba ya shaida cewa daga nassi kaza aka gina shi. Hanyar tabbatar da wannan ita ce wani ya sake ginin da kansa ya ga ko hatimin zai zo ɗaya, sai ga tsohon tar ya tsaya a hanya, domin gabatarwar nan tasa tana rubuta lokacin da aka taɓa kowane fayil, saboda haka nassi ɗaya da aka gina da safe da wanda aka gina da yamma sai su ba da hatimi biyu. Mutanen Debian sun fara yaƙi da wannan tun 2013. Maganin da aka samu kuwa shi ne a daskarar da agogo: kayan ginin Jib na Google yana rubuta wa surorinsa farkon 1970, magadan buildpack kuma suna rubuta 1 ga Janairu 1980, don kada lokaci ya shiga cikin lissafi.

Abin da ya sa gwamnatoci suka shigo maganar shi ne al'amarin SolarWinds, wanda ya fito fili a Disambar 2020. Maharan ba su taɓa nassin da ke ajiye a rumbun kamfanin ba. Sun zauna ne a cikin na'urar gini, suna jira, duk sa'ad da aka fara gini sai su musanya fayil guda da nasu, in an gama su maido da na asali, kamfanin kuma ya sa hannunsa na gaskiya a kan abin da ya fito, abokan ciniki kusan 18,000 suka sauko da shi, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. A Mayun 2021 shugaban Amurka ya ba da umarnin cewa masu sayar wa gwamnati manhaja su riƙa ba da jerin duk abin da ke cikinta, a shekarar kuma aka fito da Sigstore don sa hannu a kan surori, da tsarin SLSA wanda ke neman magini ya rubuta shaidar cewa daga wane nassi, a wane mataki na Git, da wane umarni, a kan wace na'ura ya yi ginin.

Duk da haka, darasi mafi kaifi a kan ƙunshi kansa ya zo ne ranar 29 ga Maris 2024. Akwai wata ƴar manhajar matse fayiloli mai suna xz, wadda kusan kowace kwamfutar Linux da surori marasa adadi ke ɗauke da ita, mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita kyauta har gajiya ta kama shi. Wani da ya kira kansa Jia Tan ya shigo yana taimako, fiye da shekara biyu yana gyare-gyare na gaskiya, har aka amince masa ya riƙa fitar da bugu. Al'adar da aka gada tun zamanin tef ita ce mai fitar da bugu ya ɗaure ƙunshin tar a kwamfutarsa, ya haɗa da wasu fayilolin shirin gini da na'ura ke haifarwa waɗanda ba a ajiye su a Git, kuma daga wannan ƙunshi ne masu rarraba Linux ke gini, ba daga Git ba. Shi kuwa sai ya ɓoye dafin a cikin fayilolin gwaji da ba mai iya karanta su da ido, ya sa kunamar da ke tashe shi a cikin ƙunshin kaɗai, a bugu na 5.6.0 da 5.6.1, ta yadda duk wanda ya karanta nassin a Git ba zai ga abin da ke kunna shi ba. Wani injiniya mai suna Andres Freund, wanda aikinsa a kan rumbun bayanai na PostgreSQL ne, shi ya lura shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, bai kau da kai ba, ya bi diddigi har ya tono ƙofar da aka shirya buɗewa a kan miliyoyin uwayen garke. An kama abin ne yana cikin bugunan gwaji na Debian da Fedora, bai kai ga tabbatattun bugunansu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a wannan ƙissa shi ne, an yi shekaru ana karanta nassin, ana kuma sa hannu a kan ƙunshin, amma ba wanda ya ɗauki nauyin ya ajiye su biyun gefe da gefe ya gwada, domin kowa ya ɗauka ɗaure ƙunshi aikin hannu ne da ba ya bukatar shaida. Masu Arch Linux ba su jira ba, a cikin kwanakin suka koma gina xz kai tsaye daga Git, wasu ayyukan kuma suka mai da ɗaure ƙunshin bugu hannun na'urar da kowa ke iya duba umarninta ya maimaita. Wasu har yanzu suna kan tsohuwar al'ada, suna kafa hujja da cewa ƙunshin da aka shirya ya fi sauƙin gini a kan tsofaffin na'urori, kuma saɓanin bai ƙare ba.